Me ya sa bidiyon da ya yi kyau a wayarka yake koɗewa a ta wani?

Masu ɗaukar bidiyon biki sun saba da wannan ƙorafi. An ɗauki kamu ko walima da sabuwar waya, a allonta shaddar ango tana ƙyalli, lallen amarya ya fito ɗas. Da aka tura wa dangi, ko aka saka a tsohon talabijin ɗin falo, sai hoton ya koma kamar hazo ya lulluɓe shi, farin kaya ya zama toka-toka. Akan zargi mai ɗauka ko mai wayar, alhali saɓanin yana tsakanin tsari biyu ne na auna haske.

Tsarin da muka gada, wanda ake kira SDR, an gina shi ne bisa ƙarfin tsohon akwatin talabijin mai ƙaton baya. Ana auna hasken allo da ma'aunin nit, kuma a wannan tsari fari mafi ƙarfi yana tsayawa wajen nit 100. Tsakanin baƙi da fari kuwa matakai 256 ne ga kowane launi. Idon ɗan Adam ya wuce nan nesa: kana zaune cikin zaure kana ganin fuskar baƙonka, kana kuma ganin rana tana walƙiya a kan kwanon rufin maƙwabta. Tsohon tsari dole ya sadaukar da ɗaya daga ciki.

Sabon tsari, HDR, ya zo ne don ya riƙe duka biyun. Matakansa aƙalla 1,024 ne, launukansa sun fi yalwa, kuma ma'aunin PQ da kamfanin Dolby ya ƙirƙiro, aka amince da shi a 2014, yana iya kaiwa nit 10,000, duk da cewa finafinai da yawa a nit 1,000 ake kammala su.

To ina matsalar take? Abin da ke cikin fayil lambobi ne, na'ura ce ke mayar da su haske. A tsohon tsari, lambar farar takarda tana can kusa da ƙolin ma'auni. A PQ kuwa tana wajen kashi 58 cikin ɗari, domin an bar saman ga hasken rana, fitila da ƙyallin zinare. Idan tsohuwar na'ura ta karanta wannan lamba da nata lissafin, sai ta nuna maka launin toka. Haka ja da kore suke dusashewa.

Mafita ta farko ita ce a rage hasken da hikima, irin yadda tela yake rage babbar riga: ba ya datse ƙasa kawai, yakan tsuke nan ya tsuke can don aikin wuya ya zauna daidai. Manhaja takan bar inuwa da hasken fuska kusan yadda suke, ta matse na sama a hankali don kada gajimare ya zama farin fili. Daga cikin nau'o'in HDR, HDR10 yana ba na'ura bayani guda ɗaya game da fim gaba ɗaya, su kuwa Dolby Vision da HDR10+ suna bayar da shi fage bayan fage, shi ya sa ragewarsu ta fi dacewa. YouTube, wanda ya fara karɓar HDR a 2016, da kansa yake fitar da kwafin SDR ga masu tsofaffin na'urori.

Mafita ta biyu ce ta fi burge ni. Injiniyoyin BBC ta Birtaniya da NHK ta Japan sun san cewa masu kallonsu ba za su sauya talabijin rana ɗaya ba, kuma wasan ƙwallo kai tsaye ba ya jiran gyara. Sai suka tsara HLG: rabin ma'auni na ƙasa yana tafiya kusan irin na da, rabin sama kuma yana tattara haske mai ƙarfi a matse. Sabon allo ya buɗe shi, wanda bai san HDR ba ya nuna hoton da za a iya kallo. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta sanya PQ da HLG cikin ƙa'ida ɗaya a 2016, BBC kuma ta nuna wasannin Kofin Duniya na 2018 a Rasha da HLG ta intanet. Sai dai HLG haske ya fi magancewa. Launi yakan ɗan koɗe a tsohon allo, wata na'urar ma ba ta iya buɗe fayil ɗin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin tun daga iPhone 12 a 2020 wayoyin Apple suna ɗaukar Dolby Vision da aka ɗora kan HLG, kuma manyan wayoyin Samsung suna iya ɗaukar HDR10+. Shawarata ga mai ɗauka ita ce ya fara tambayar kansa su wa za su kalla. Idan bidiyon zai yi yawo ne a WhatsApp tsakanin dangi, ya kashe HDR a saitin kyamara kafin ya fara. Idan ya riga ya ɗauka, ya mayar da shi tsarin SDR, wato Rec. 709, a manhajar tacewa irin DaVinci Resolve, ya adana na asali domin gaba. Sannan ya gwada a ƙaramar waya kafin ya miƙa aiki.

Ina son HDR, kuma na yi imani nan gaba shi zai zama ruwan dare. Amma a yau mafi yawan waɗanda za su kalli aikinmu ba su da allon da zai nuna shi. Gwaggon da ba ta samu zuwa biki ba tana da haƙƙin ta ga fuskar 'yarta yadda take, kuma nauyin tabbatar da hakan yana kan wanda ya riƙe kyamara.