Tsadar Sauya Mutum-mutumi a Majalisar Dokokin Amurka

Cikin dare, a watan Disambar 2020, ma'aikata suka shiga ginin Majalisar Dokokin Amurka da ke birnin Washington, suka ɗauke mutum-mutumin tagulla na Janar Robert E. Lee. Tun 1909 yake tsaye a wannan gini da sunan jihar Virginia, alhali shi ne babban kwamandan da ya yi wa jihohin Kudu masu riƙe da bayi yaƙi a lokacin yaƙin basasar ƙasar. Kafin gari ya waye an gama fitar da shi. Cike gurbinsa kuwa sai da ya ci shekara 5 da kuɗi masu kauri.

Asalin waɗannan mutum-mutumai wata doka ce ta 1864. Bayan Majalisar Wakilai ta tashi daga tsohon zaurenta ta koma sabo a 1857, sai zauren ya zama kango, har masu talla suka mamaye shi. Ɗan majalisa Justin Morrill na jihar Vermont ya kawo shawarar a gayyaci kowace jiha ta aiko da siffofin mutum biyu daga cikin mamatanta da take alfahari da su, na tagulla ko na dutsen mabul. Jihar Rhode Island ce ta buɗe fage a 1870, amma adadin bai cika 100 ba sai a 2005.

Tun da wuri nauyi ya zama matsala. Zuwa 1933 zauren ya cika maƙil, an jera mutum-mutumai sahu bayan sahu, har aka fara tsoron kada daɓen ya rufta. Dole aka rarraba su zuwa wasu sassan ginin. Na Sarki Kamehameha na Hawaii kaɗai, haɗe da dandamalinsa, ya haura tan 6.

Fiye da shekara 130 jihohi ba su da ikon sauya wanda suka riga suka aika. A shekarar 2000 aka ba su wannan dama, bisa sharuɗɗa. Sai tsohon mutum-mutumin ya shekara 10 a ginin, sai majalisar jiha ta amince gwamna ya sa hannu, sannan wani kwamitin haɗin gwiwa na majalisun tarayya biyu ya yarda. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na aljihu: duk wata ɗawainiya a wuyan jihar take. Ita za ta biya ladan masassaƙi da kuɗin kayan aiki da na dandamali, ta biya kuɗin dakon sabon zuwa Washington da kafa shi, ta biya kuɗin cire tsohon da mayar da shi gida, har bikin ƙaddamarwa ma ita ce da shi.

Me ke cinye kuɗin? Masassaƙi yakan fara da ɗan ƙaramin samfuri, a aika wa kwamiti ya duba. In an yarda, sai ya gina cikakke na laka, wanda tsayinsa zai kai ƙafa 7 ko 8, a sake dubawa. Daga nan aiki ya koma maƙera: a ɗauki tsarin jikin gaɓa-gaɓa, a zuba kaki, a lulluɓe shi da yumɓu mai jure wuta, a narkar da kakin ya tsiyaye, sannan a kwarara narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Sai a haɗa gaɓoɓin da walda, a goge tabon haɗin, a shafa sinadarin da ke ba tagulla launi. Ofishin da ke kula da ginin ya ƙayyade cewa mutum-mutumi da dandamalinsa kada su wuce ƙafa 11, shi ya sa ake son dandamali ya zama mai rami a ciki, ƙarfe ne ƙashinsa, a manna masa dutse ta waje don a rage nauyi. Kowane mataki na iya cin watanni, masassaƙi da maƙera kuma ba sa aiki bashi.

Alkaluman da aka bayyana sun nuna girman abin. Mutum-mutumin Helen Keller, makauniya kuma kurma da ta zama fitacciyar marubuciya, wanda jihar Alabama ta kai a 2009, ya ci kimanin dala 325,000 na gudummawar jama'a. Na mai wa'azin Kirista Billy Graham, da North Carolina ta ƙaddamar a watan Mayun 2024, an ƙiyasta shi a kan dala 650,000, ƙungiyar da ya kafa ce kuma ta ɗauki nauyi. Gwamnan Virginia ya sanya kusan dala 500,000 a kasafin kuɗi don maye gurbin Lee da Barbara Johns, yarinyar da tana da shekara 16 ta jagoranci ɗalibai baƙar fata suka ƙaurace wa makaranta a garin Farmville a 1951, saboda lalacewar makarantar da aka ware musu. Sai a Disambar 2025 aka yaye mayafin mutum-mutuminta.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan misalai abin dubawa ne. Wanda ya bar ƙungiya mai dukiya a bayansa, kuɗin siffarsa ba ya wuyar samuwa. Wanda bai bari ba, sai an yi ta yawo da ƙoƙon bara. Majalisar jihar Kansas ta amince tun 1999 a kai Shugaba Dwight Eisenhower da matuƙiyar jirgin sama Amelia Earhart. Na Eisenhower ya isa a 2003, shi ne ma sauyi na farko ƙarƙashin sabuwar dokar. Na Earhart bai isa ba sai a watan Yulin 2022, bayan shekara 23, lokacin da wata gidauniya ta mahaifarta Atchison ta ɗauki nauyin aikin. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Jihar Arkansas ta ɗanɗana irin wannan. A 2019 ta yanke shawarar sauya mutum-mutumanta biyu da na mawaƙi Johnny Cash da na Daisy Bates, matar da ta tsaya wa ɗalibai baƙar fata 9 da suka shiga makarantar farar fata a Little Rock a 1957. An so gudummawar jama'a ta wadatar, ba ta wadatar ba, sai da jihar ta zuba dala 750,000 daga asusunta. A 2024 aka kafa su biyun.

Florida kuwa ta zaɓi hanya mai tsada da gangan. Don karrama Mary McLeod Bethune, 'yar tsofaffin bayi da ta kafa makarantar 'yan mata a Daytona Beach a 1904, masassaƙiya Nilda Comas ta je har Italiya ta yi aikin da farin dutsen mabul na yankin Tuscany, inda shahararren masassaƙi Michelangelo ya riƙa samo nasa. Mutanen gari da masu hannu da shuni ne suka tara kuɗin. Da aka ƙaddamar da shi a watan Yulin 2022, Bethune ta zama baƙar fata ta farko da wata jiha ta aika ta wakilce ta a wannan jeri.

Akwai kuma wata wahala da ba kasafai ake lissafa ta tun farko ba: ina za a kai tsohon? Na Lee ya sami masauki a gidan tarihin Virginia da ke Richmond. Na Janar Edmund Kirby Smith, wanda Bethune ta gada, ya zama kaya mara mai so. Hukumar gundumar Lake ta amince a ajiye shi a gidan tarihinta da ke Tavares, mazauna yankin suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba, har hukumar ta janye a 2020. Da aka cire shi a 2021, sai aka kai shi ma'ajiya a Tallahassee, babban birnin jihar.

Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau biyu, a 2020 da 2021, a kan a kawar da siffofin duk waɗanda suka yi wa ɓangaren masu bayi hidima daga wuraren da jama'a ke gani a ginin. Sau biyun kudirin ya maƙale a Majalisar Dattawa. Don haka maganar ta koma hannun jihohi, kowace da siyasarta da aljihunta. Mississippi ta ci gaba da riƙe Jefferson Davis, shugaban jihohin Kudu da suka ɓalle lokacin yaƙin basasa, Georgia kuma ta riƙe mataimakinsa Alexander Stephens. Duk ranar da ɗaya daga cikinsu ta sauya ra'ayi, sai 'yan majalisarta sun fara amincewa da sunan magaji, sannan a nemo inda za a samo dubban ɗaruruwan dalolin da aikin zai ci.