Melanoma: Asalin Sunan Baƙar Sankarar Fata

Melanoma shi ne sunan da likitoci suka laƙaba wa sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. Daga Girkanci aka ƙera kalmar: "melas" baƙi ke nan, "oma" kuwa ɗafi ne da ake liƙa wa sunayen ƙari. A takardun asibitocin Nijar, inda Faransanci ne harshen aiki, "mélanome" ake rubutawa.

Cutar ta girmi sunanta nesa ba kusa ba. A 1787 likitan fiɗa John Hunter ya cire wani baƙin ƙari daga muƙamuƙin wani mutum a Ingila, alhali bai da sunan da zai kira shi da shi. An adana tsokar a gidan tarihi a Landan, sai a 1968 aka duba ta da madubin likita aka tabbatar melanoma ce.

Wanda ya fara ware cutar da suna nata na kanta shi ne René Laennec, Bafaranshen nan da ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji. A wata lacca da ya gabatar a Faris a 1804 ya kira ta "mélanose". Guillaume Dupuytren ya yi ta jayayya cewa shi ya riga shi ganinta, amma tarihi Laennec ya riƙe. Illar sunan ita ce faɗinsa: duk baƙin da aka gani a jiki sai a kira shi da shi, har baƙin ƙurar gawayi a huhu. A 1838 Robert Carswell, ɗan Sikotland, ya yi amfani da "melanoma" a littafinsa na zanen cututtuka, kuma ita ce ta zauna. Duk da haka sunan bai cika gaskiya ba, domin akwai nau'in da ba shi da baƙi ko kaɗan.

A wajen Turawa hasken rana ne babban sanadi. Baƙar fata kuwa ba ta cika kamuwa ba, amma idan cutar ta zo, galibi a tafin ƙafa take fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Irin wannan ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga ɗan yatsan ƙafa ta fara. A karkarar Waca da sauran garuruwan Magarya da Dungas, inda ƙafar manomi ba ta rabuwa da kaushi da faso da sukar ƙaya, baƙin tabo a diddige abu ne mai sauƙin rainawa.

Tun 1970 Alexander Breslow ya nuna cewa kaurin ƙarin, da milimita ake auna shi, shi ke nuna yadda za ta kaya. Saboda haka tabon da ke faɗaɗa, ko yake sauya launi, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi likita tun yana ƙarami, ko da za a tura mutum Damagaram ko Yamai.