Ko Ka Sani? Rautar Gidanka Tana Iya Watsa Layukan da Ba Ka Gani

Ko ka san cewa 'yar na'urar nan mai rarraba intanet da ke kan teburinka, wadda muke kira rauta, tana iya watsa layukan Wi-Fi uku ko huɗu a lokaci guda, alhali ɗaya kawai ka sani? Sauran suna nan cikin iskar ɗakinka dare da rana, wasunsu ko suna ba su da shi.

A unguwa irin Kongo, da ke daf da tsohon birnin Zariya, wannan batu ya shafi mutane da dama. Harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da ilimin gudanarwa, ta tara ɗalibai da malamai, kuma a kewayenta akwai shagunan buga takardu da na rajistar jarrabawa da ɗakunan haya. Da yawansu sun dogara ne da rauta ko ƙaramar MiFi mai layin MTN ko Airtel ko Glo. Wanda ya buɗe kwamfuta mai Windows a irin wannan wuri zai ga jerin layukan maƙwabta, kowane da sunansa, can ƙasa kuma ya ga wani an rubuta masa "Hidden Network", sau da yawa siginal ɗinsa a cike. Nan da nan hankali yakan tashi, a ce wani ya shigo yana shanye data. Galibi ba haka abin yake ba, kuma sanin gaskiyarsa yana raba mutum da zargin maƙwabci a banza.

Sanarwa sau goma a sakan guda

Duk na'urorin Wi-Fi suna bin ƙa'ida ɗaya mai lamba 802.11, wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997. Sunan Wi-Fi kansa ya zo ne a 1999. Bisa wannan ƙa'ida, rauta ba ta yin shiru. Kusan sau goma a kowane sakan takan jefa wani ɗan gajeren saƙo cikin iska, tana sanar da duk na'urar da ke kusa cewa ga ta nan. A cikin saƙon akwai sunan layin, wanda masana ke kira SSID kuma bai wuce haruffa 32 ba, akwai tashar da take aiki a kai, da irin kullen da aka sa mata, da saurin da take iya ɗauka. Daga waɗannan saƙonni ne wayarka take haɗa jerin sunayen da kake gani.

Ɓoyayyen layi shi ma yana yin wannan sanarwa, sau goma a sakan kamar kowa. Bambancinsa ɗaya ne: gurbin suna a cikin saƙonsa fanko ne. Yawancin wayoyi sukan tsallake shi, ba sa nuna shi a jeri, shi ya sa mutum zai shekara da rauta bai san da shi ba. Amma ko da babu suna, akwai abin da layin ba zai iya ɓoyewa ba, wato lambar shaidarsa da ake kira BSSID, mai alamomi 12 na lambobi da haruffan A zuwa F, an jera su bibbiyu. Wannan lamba ce za ta taimaka maka ka gano asalinsa.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne rediyo ɗaya da ke cikin rauta yana iya ɗaukar layuka da yawa, kowane da lambarsa da kalmar sirrinsa. Kamar gida ɗaya ne mai ƙofofi: ga ƙofar zaure da kowa ya sani, ga ta baƙi, ga kuma 'yar ƙofar baya da mutanen gida kaɗai ke bi. Yawancin rautocin yau ma rediyo biyu gare su, ɗaya a zangon gigahaz 2.4, ɗaya a zangon gigahaz 5. Na farkon ya fi ratsa bango mai kauri irin na gidajen cikin birni, na biyun ya fi sauri amma ba ya nisa. Idan kowane rediyo yana ɗauke da layi biyu, ka ga layuka huɗu ke nan daga akwati ɗaya.

Daga ina suke fitowa?

Dalili na farko shi ne haɗa rautoci. Kamfanoni sun ƙirƙiro tsarin da rauta biyu ko uku za su yi aiki tare su game babban gida ko ɗakunan kwanan ɗalibai da siginal ɗaya. Huawei na da HiLink, TP-Link na da OneMesh, Asus na da AiMesh, kuma a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fito da EasyMesh domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Rautocin suna buƙatar hanyar da za su riƙa magana a tsakaninsu ba tare da wayoyin mutane sun shiga ba, sai su buɗe layi marar suna domin wannan aiki. Wasu rautocin sukan bar wannan layi a buɗe tun daga masana'anta, suna jiran abokiyar aiki, ko da rauta ɗaya tak ka saya.

Dalili na biyu shi ne ƙananan na'urorin gida masu hawa intanet, irin su kyamarar tsaro da soket mai aiki da waya. Wasu kamfanoni sukan ware musu layi na daban, wanda zai karɓe su da kansa a lokacin da ake saita su.

Na uku, layin baƙi. Mai yiwuwa wanda ya saita maka rautar, ko mai ita na farko idan ta hannu ce, ya kunna layin baƙi ya ɓoye sunansa ya manta. Wannan ya fi shafar masu sayen tokumbo, domin rautar da wani kamfanin intanet na Turai ko Amurka ya ba abokan cinikinsa tana iya zuwa da saitin kamfanin a cikinta.

Na huɗu, kamfanin da ya ba da rautar. A Ingila, tun 2007 kamfanin BT ya haɗa kai da kamfanin Fon, rautocin gidaje suka riƙa watsa layi na biyu domin masu wucewa. A Amurka, kamfanin Comcast ya fara irin wannan a 2013 da layi mai suna xfinitywifi. Sunan wannan layi a bayyane yake, amma masu gidaje da yawa ba su san daga ɗakinsu yake fita ba. A Disamba 2014 wasu abokan cinikin kamfanin suka kai shi kotu a Kalifoniya, suna cewa ana amfani da wutarsu da na'urar gidansu ba da izininsu ba. Darasin da ke nan babba ne: na'ura tana cikin gidanka, amma wani ne ya tsara abin da take yi.

Akwai kuma lokacin da layin ba na rautar ba ne sam. Injin buga takardu da talabijin na zamani suna da fasahar Wi-Fi Direct, wadda ke ba su damar buɗe nasu layin domin waya ta haɗu da su kai tsaye. Sunayen irin waɗannan sukan fara da DIRECT, wasu kuma ba sa nuna suna. A shagon da ke da injin bugawa biyu ko uku, ba abin mamaki ba ne a ga irinsu.

Shin suna cin data?

Wannan ce tambayar da ta fi damun mai saye da kuɗinsa. Sanarwar da rauta ke yi a iskar ɗaki take tsayawa, ba ta bi ta layin SIM, saboda haka ba ta rage ko megabait ɗaya. Ɓoyayyen layin da babu wanda ya hau shi bai ci maka komai ba. Abin da ke cinye data shi ne na'urorin da suka haɗu: kwamfutar da ke sabunta Windows cikin dare, wayar da ke tura hotuna ma'ajiyar Google, bidiyon TikTok da YouTube, da kuma kalmar sirrin da ka ba mutum ɗaya ta zaga unguwa.

Illar da layukan nan ke da ita ta cunkoso ce. Kowane layi yana cin ɗan lokaci a iska wajen sanarwarsa, kuma a zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. A layin shaguna inda rautoci goma ko ashirin ke kusa da juna, kowace da layuka biyu ko uku, wannan yana taimakawa wajen rage sauri.

Yadda za ka gane naka ne

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar gwani. Kashe rautar, idan mai batir ce ka tabbatar ta mutu, ka jira minti ɗaya ko biyu, ka sake duba jerin. Idan ɓoyayyen layin ya ɓace tare da naka, daga wurinka yake.

Gwaji na biyu, saukar da manhajar duba Wi-Fi a wayar Android, irin WiFi Analyzer. Za ta nuna maka har layuka marasa suna, da lambar shaidar kowane da tasharsa da ƙarfinsa. Kwatanta lambar da wadda aka rubuta a takardar da ke manne a ƙasan rautarka. Idan alama ɗaya ko biyu ce kawai ta bambanta, tashar kuma iri ɗaya ce, ƙarfin yana ƙaruwa duk lokacin da ka matso kusa da rautar, to ka samu amsa.

Daga nan ka shiga shafin saitin rautar ta burauza. Adireshinsa na nan a wannan takarda, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma sau da yawa 192.168.8.1. Duba jerin na'urorin da suka haɗu, ka tabbatar ka san kowace. Kashe layin baƙi da tsarin haɗa rautoci idan ba ka amfani da su. Rautar hannu kuwa, kafin komai ka danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta, ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Wasu rautocin ba sa ba da damar kashe ɓoyayyen layinsu. A nan mai saye yana da haƙƙin ya tambayi kamfanin me layin ke yi.

Ɓoye suna ba kulle ba ne

Mutane da yawa sukan ɓoye sunan layinsu da kansu, suna ganin sun tsira daga masu satar shiga. Hakan bai kai kariya ba. Duk lokacin da wayarka za ta hau ɓoyayyen layi, dole ta ambaci sunansa a iska, kuma mai manhajar sauraro zai kama shi. Bayan haka, wasu na'urorin da suka saba da ɓoyayyen layi sukan ci gaba da kiran sunansa duk inda aka je da su, a kasuwa ko a tasha, mai mugun nufi kuma yana iya buɗe layin bogi da wannan suna ya yaudare su.

Abin da ke tsare layi shi ne kulle mai kyau. Tsohon kullen WEP masana sun karya shi tun 2001. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018, ɗaya daga cikinsu ya kamata ka zaɓa, da kalmar sirri mai tsawo wadda ba lambar wayarka ba ce ko sunan shagonka. Kashe WPS, wato tsarin haɗa na'ura da rauta ta hanyar lamba: a Disamba 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alamomi 8 ana iya gano ta da gwaji da bai wuce 11,000 ba. Canza kuma kalmar sirrin shafin saiti, domin ta irin waɗannan kalmomi na masana'anta ne manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye dubban kyamarori da rautoci a 2016.

Wanda kuma ya ga layin maƙwabci, mai suna ko marar suna, ya sani cewa shigarsa ba da izini ba cin haƙƙi ne, kuma dokar laifuffukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hana kutsawa cikin na'ura ko hanyar sadarwar wani. Ɗalibin da ya tara kuɗin data da ƙyar, da mai shagon da sana'arsa ta dogara da ita, duka sun cancanci a bar musu abinsu. Su ma akwai nasu nauyin: su buɗe shafin saitin nan lokaci-lokaci, su ƙirga na'urorin da ke kai, su san layuka nawa rautarsu ke watsawa da aikin kowanne.