BABI NA HUƊU: ƊORI DA HAƊUWAR ƘASHI A ƘASAR WURNO DA RABAH DA GORONYO

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin asalin sana'ar ɗori da matsayin maɗora a cikin al'ummar Hausawa. A wannan babi kuwa za a dubi shi kansa ƙashin da ake ɗorawa, wato abin da ya ƙunsa da yadda yake haɗuwa bayan ya karye, sannan a auna aikin maɗori da ma'aunin binciken da likitoci suka gudanar a asibitoci. An keɓe bayanin ga gabashin Jihar Sakkwato, musamman Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukansu irin su Boyekai. Mutanen wannan yanki manoma ne da masunta da makiyaya, masu ci da ƙarfin jikinsu. Manomin shinkafa ko albasa a fadamar Gulbin Rima, in ya faɗo daga kabu-kabu ko daga kan raƙumi ya karye a ƙafa, to noman wannan shekara ya kuɓuce masa, in kuwa ɗorin ya ɓaci, ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi.

4.1 Ƙashi da Abin da ya Ƙunsa

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar kara, saboda ƙashin da suka saba gani shi ne wanda aka tsotse aka yar. Ba haka abin yake ba. Ƙashi rayayye ne, yana da jijiyoyin jini da ɓargo da wata fata marar kauri da ta lulluɓe shi. Ana iya kwatanta shi da ginin soro, inda ake cuɗa ƙasa da ramno: akwai wani zare mai danƙo wanda yake hana shi tsinkewa, akwai kuma ma'adinai, wato sinadarin kalsiyam da na fosfaras, waɗanda suke ba shi tauri. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake, haka kuma kimanin kashi 85 cikin 100 na fosfaras.

Waɗannan ma'adinai su ne dalilin da ya sa ƙashi yake daɗewa bayan nama ya ruɓe, kuma ƙasar Goronyo ita kanta shaida ce. A cikin duwatsunta ne masana daga ƙasar Italiya suka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku wadda ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har a shekarar 1972 aka raɗa mata suna Goronyosaurus, wato da sunan garin.

A cikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ba su hutawa, waɗanda za a kira su magina da marusa. Marusa suna cinye tsohon ƙashi, magina suna biyo baya suna shimfiɗa sabo. Wannan aiki yana ƙarƙashin kulawar wasu ƴan kaluluwa guda huɗu da ke cikin wuya. Da zarar kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, sai su saki wani sinadari da ke umurtar marusa su ɗebo shi daga ƙashi, domin zuciya da jijiyoyi ba su iya aiki sai da shi. Wato ke nan ƙashi rumbu ne, kuma jiki bai jin nauyin fasa rumbun in abinci ya gaza. Shi kuwa bitamin D, fata ce take samar da shi in rana ta taɓa ta, hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan ya taimaki hanji wajen tsotse kalsiyam daga abinci.

4.2 Yadda Karaya Take Haɗuwa

Da ƙashi ya karye, jijiyoyin jinin da ke cikinsa sukan yanke, jini ya taru ya daskare a tsakanin guntayen biyu. Wannan gudan jini da kumburin da ke biyo bayansa ba ɓarna ba ne, su ne harsashin gini, domin su suke kiran ƙwayoyin da za su share wurin su fara aiki. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai kama da guringuntsi ya tsiro ya riƙe bakunan karayar. A wannan lokaci zafi yakan ragu, majinyaci ya ɗauka ya warke, alhali abin da ke riƙe da ƙashin bai fi guringuntsin kunne ƙwari ba. Daga nan magina suke zuba ma'adinai a cikinsa har ya taurare ya zama ƙulli, wanda ake iya ji da hannu a ƙashin da ke kusa da fata. Mataki na ƙarshe shi ne sassaƙa, inda marusa suke rage ƙullin sannu a hankali har ƙashi ya koma kusan siffarsa ta asali, kuma wannan yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru.

Tsawon lokacin ya danganta da shekaru da kuma ƙashin da ya karye. Hannun yaro yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida, amma ƙwaurin baligi yakan nemi wata uku zuwa huɗu, ko fiye. Shan taba da ciwon suga da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna jinkirta haɗuwa. Akwai kuma wuraren da jini bai wadace su ba, kamar wuyan ƙashin cinya inda ya shiga ƙugu, wanda tsofaffi suka fi karyewa a nan, kuma da wuya ya haɗe ba tare da aikin tiyata ba.

Abin lura a nan shi ne, babu maɗori kuma babu likita da yake haɗa ƙashi. Jiki ne yake haɗa abinsa da ikon Allah. Aikin mai magani bai wuce ya daidaita guntayen, ya hana su gocewa, ya kuma bar jini ya gudana ba.

4.3 Aikin Maɗori a Ma'aunin Bincike

Maɗori yakan shafa wurin da hannu ya gane inda ƙashi ya rabu, ya sa a riƙe majinyaci, ya ja gaɓar har ta miƙe, ya shafa man shanu ko wani haɗi nasa tare da tofi, sannan ya jera karan dawa ko ƴan sanduna kewaye da ita ya ɗaure da tsumma ko igiya. In aka dubi bayanin da ya gabata za a ga dalilin da ya sa yake yawan dacewa. Karayar da ba ta fasa fata ba, kuma ba ta taɓa gaɓa ba, takan haɗe in aka miƙe ta aka tallafe ta. Har ma bincike ya nuna cewa ɗan motsi kaɗan a bakin karaya yana ƙara yawan ƙullin da ke fitowa. Saboda haka wanda ya ce duk aikin maɗora camfi ne bai yi adalci ba. Bugu da ƙari, maɗori yana cikin gari, yana jin harshen majinyaci, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, alhali zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Wamakko, balle Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959, yana bukatar kuɗin mota da na hoto da na mai jinya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ɗaurin. Gaɓar da ta karye tana ci gaba da kumbura har kwana biyu ko uku. Tsokokin hannu da na ƙafa suna cikin wasu jakunkuna marasa miƙewa, don haka in aka tamke kara a kansu tun ranar farko, kumburin bai da wurin zuwa sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da jini ya yanke mata takan fara mutuwa bayan kimanin awa shida, kuma ba ta dawowa. In abin ya tsaya rabi, hannu yakan ƙanƙance yatsu su lanƙwashe har abada, yanayin da likitan nan na Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana a 1881. In ya zarce, gaɓar takan yi baƙi ta ruɓe, ba abin da ya rage sai yankewa domin a ceci rai. Yara ne suka fi shiga wannan haɗari, musamman masu karaya a saman gwiwar hannu bayan faɗowa daga itace, domin babbar jijiyar jini a daidai nan take wucewa.

Alamomin a bayyane suke: zafi mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, musamman in an miƙe yatsu, da dindiris, da sanyin yatsu ko sauyawar launinsu, da bororo. Abin takaici, a nan ne al'adar jarunta take cutarwa, domin akan ce wa yaro ya daure, ɗori ne yake kamawa, alhali hannun ne yake mutuwa.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Garba da Deshi, sun buga bincike a 1998 inda suka nuna cewa ɗorin gargajiya yana cikin dalilan da ke kai ga yanke gaɓoɓi. Amma binciken da ya fi amfani ga wannan nazari shi ne wanda Eshete ya buga a 2005 daga kudancin ƙasar Habasha. A cikin shekara biyu an yanke gaɓoɓi 49, kuma 25 daga ciki tamke ɗauri ne sanadi. Maimakon a hana maɗora aiki, sai aka gayyace su bita ta kwana ɗaya, mutum 112 suka halarta, aka kuma horar da ƙananan ma'aikatan lafiya. A shekara biyu da suka biyo baya yankan ya sauko zuwa 25, kuma 7 kaɗai ne na ruɓewa. Wannan ya fi duk wani zagi da ake yi wa maɗora fa'ida, kuma Sarkin Ɗori a kowace gunduma ƙofa ce da hukumar lafiya za ta iya bi.

Akwai kuma karayar da ba ta maɗori ba ce ko kaɗan, wato wadda ƙashi ya huda fata, ko ta harbin bindiga, wadda ta yawaita a yankin tun da ƴan bindigar daji suka addabi gabashin Sakkwato. Irin wannan tana bukatar wanki a ɗakin tiyata da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Cusa mata garin magani yana shigar da cuta cikin ɓargo, ƙashi ya yi ta zubar da mugunya shekara da shekaru. Shi ma simintin asibiti, wanda likitan sojan Holan Antonius Mathijsen ya fito da shi a farkon shekarun 1850, yana iya kashe gaɓa in ya matse, shi ya sa likitoci kan fara da rabin siminti ko su tsaga shi har kumburi ya saɓe.

4.4 Abinci da Taurin Ƙashi

Ba karaya kaɗai ke lalata ƙashi ba. Akan ga yara masu gwame, ko masu ƙafafu lanƙwasassu kamar baka, da kumburarren wuyan hannu, wasu su danganta abin ga gado, wasu ga iska. A Turai an daɗe da sanin cewa rashin bitamin D ne ke kawo wannan laushin ƙashi, saboda ƙarancin rana. To amma me zai kawo shi a ƙasar da rana take dukan kowa?

Amsar ta fito daga Jos. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan yara 123 masu wannan ciwo. An kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. A cikin masu shan kalsiyam kaɗai kashi 61 cikin 100 suka kai matakin warkewar da aka ƙayyade, masu shan duka biyun kashi 58, masu bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Abincin yaran bai ba su fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, alhali matsayar da masana na duniya suka cim ma a 2016 ita ce yaron da ya wuce shekara ɗaya yana cikin haɗari in yana samun ƙasa da miligiram 300, kuma abin da ya wadatar shi ne fiye da 500. Sai dai yaran da aka gwada da su, waɗanda ba su da ciwon, su ma kusan haka suke ci, wanda ya nuna akwai wasu dalilai da ke haɗuwa da ƙarancin abincin.

Wannan sakamako ya shafi ƙasar Sakkwato kai tsaye, domin gero da dawa, waɗanda su ne cimar yau da kullum, ba su da kalsiyam mai yawa, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ke ƙulle ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan sinadari. Haɗarin ya fi yawa bayan yaye, lokacin da yaro ya bar nonon uwa ya koma ga kunu da tuwo zalla. Furar da aka dama da nono ta bambanta ƙwarai da wadda aka dama da ruwa, domin madarar shanu tana da kimanin miligiram 120 a kowane mililita 100. Ganyen kuka da zogale da riɗi su ma suna taimakawa.

A 2015 masu binciken na Jos sun sake gwada abubuwa biyu masu araha a matsayin magani, wato garin dutsen farar ƙasa da garin busasshen kifi da aka niƙa haɗe da ƙayarsa, kuma duka biyun sun warkar da ƙasusuwan yaran. Ga mazauna bakin madatsar ruwa ta Goronyo da fadamun Wurno wannan ba baƙon abu ba ne, domin ƙananan kifayen da masunta suke shanyawa su sayar a kan kuɗi kaɗan su ne irin waɗanda ake dakawa da kai da ƙaya a zuba a miyar yara.