Tsuntsun da Aka Ƙwato Daga Bakin Kyanwa: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Duk wanda ya san Bompai, ko Sharada da Challawa a Kano, ya san cewa sito da kyanwa ba sa rabuwa. Inda aka jibge buhunan hatsi ɓera zai zo, shi ya sa masu gadi ke barin kyanwa ta zauna. Tsabar da ke zubewa a bakin ƙofa idan ana sauke kaya ita ke kiran ƙananan tsuntsaye, kuma wadda ta fi zuwa ita ce baiwar Allah: namijin ja, tamacen ruwan ƙasa, da jan baki da ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji. Tsawonta kamar santimita 10 ne, nauyinta kuwa da ƙyar yake kai giram 10. A ƙasa take kiwo, ba ta gudun mutane sosai, don haka kama ta ba ya ba kyanwa wahala. Idan wani lebura mai tausayi ya yi wuf ya ƙwace ta, nan take jama'a za su taru, kowa da tasa shawarar. Wasu shawarwarin na da ƙamshin gaskiya, wasu kuwa su ke ƙarasa tsuntsun.

Wadda ta fi yaɗuwa, kuma ta fi kisa, ita ce: "Ai babu jini, ba abin da ya same shi, a sake shi." Wannan ba gaskiya ba ce. Fiƙar kyanwa siririya ce kamar allura. Tana huda fata ta fita, ramin ya rufe a ƙarƙashin gashi, ido ba ya ganin komai. Amma a cikin yawun kyanwa, har da lafiyayyar da ake wa wanka a gida, akwai ƙwayar cuta mai suna Pasteurella multocida. Masu kiwon kaji sun san ɓarnarta ko da ba su san sunanta ba, domin ita ce ke haddasa kwalarar kaji, kuma sunan nata ya samo asali ne daga Louis Pasteur na Faransa, wanda ya yi aiki a kan wannan cuta a 1880. Da zarar ta shiga jikin ɗan tsuntsu sai ta bazu cikin jini, kuma tana iya kashe shi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Shi ya sa za ka ga tsuntsu ya tashi fir da yamma, kowa na murna, gari na wayewa a tsinci gawarsa a gindin katanga. Duk tsuntsun da ya shiga bakin kyanwa, da rauni ko babu, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta daga hannun likitan dabbobi, kuma a ranar.

A nan wani zai ce, to ai malamai sun karantar da mu cewa kyanwa ba najasa ba ce. Haka ne, ba a ja da wannan. Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik ya tabbatar da cewa ruwan da kyanwa ta sa wa baki ana iya alwala da shi. Sai dai wannan hukunci ne na tsarkin ibada. Bai ce bakinta ba ya ɗauke da cuta ba. Bakin ɗan Adam ma ba najasa ba ne, amma idan mutum ya ciji mutum wurin na iya ruruwa. Haɗa maganganun biyu wuri guda kuskure ne, kuma tsuntsun ne ke biyan kuɗinsa.

Sai dabarar da muka gada tun daga ƙauye: a kifa wa tsuntsun ƙwarya ko kwano, a yi ta bugawa har ya farfaɗo, kamar yadda ake yi wa ɗan tsakon da ya suma. Rabin wannan daidai ne. Duhu na kwantar wa tsuntsu hankali, yana hana shi fafutukar da za ta ƙara masa rauni. Bugun kuwa azaba ce. Tsuntsun da ya fito daga bakin kyanwa a firgice yake, kuma firgita kaɗai na iya kashe shi. Abin da ake so shi ne ƙaramin kwali mai 'yan huji don iska, a shimfiɗa tsumma mai laushi wanda ba shi da zare-zaren da za su sarƙe masa ƙafa, a rufe, a ajiye nesa da ƙarar janareta da injina. Ɗakin mai gadi ya fi tsakar ma'aikata. Zafin jikin tsuntsu ya haura digiri 40, kuma mai rauni na saurin yin sanyi, saboda haka a lokacin hunturu a naɗe robar ruwan ɗumi da ƙyalle a sa a gefe guda na kwalin. A bazara kuwa inuwa ta wadatar. A kuma daina buɗewa ana leƙawa.

Ɗura masa ruwa a baki, ko a guntsa a fesa masa, shi ma a bari. Ƙofar numfashin tsuntsu na nan a gindin harshensa, ɗigo kaɗan ya isa ya gangara huhu ya shaƙe shi. Jiƙa shi kuma na sauke zafin jikinsa. Madara ba abincinsa ba ce, cikinsa ba ya iya narkar da ita. Idan ya natsu har ya tsaya da ƙafafunsa, a sa masa ruwa a murfin kwalba, a watsa ɗan dakakken gero ko acca. Da kansa zai ci.

Toka, kananzir, baƙin mai, man shafawa: babu ko ɗaya da ya kamata ya taɓa raunin. Mai na manne gashin da ke riƙe masa ɗumi, kuma tsuntsu na gyara gashinsa da baki, sai ya haɗiye. Haka nan fasa kafso daga kemis a zuba cikin ruwa. Niyyar mai kyau ce, har ma ta kusa gaskiya tunda magani ake bukata, amma an auna kafson ne don babban mutum, wannan kuwa halitta ce ta giram 10, kuma ba kowane magani ke kashe wannan ƙwayar ba. Likitan da ke duba kajin gona ya san ta sarai, kuma irinsu ba su da wahalar samu a Kano.

Idan kuma ɗan tsuntsu ne aka ƙwato, batun cewa uwa na ƙin ɗanta idan ta ji warin hannun mutum ba shi da tushe. Idan likita ya gama yi wa tsuntsun magani kuma yana tashi sosai, a mayar da shi inda aka same shi da sassafe, a sake shi.

Maganar da take gaskiya, ko da ba daɗin ji, ita ce wasu za su mutu duk da an yi komai daidai. Gaskiya ne kuma cewa sai an kula da kai. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Idan kyanwar ta ciji mai ƙwacewar ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti. Idan kuwa tsuntsaye aka gani suna mutuwa da yawa ba tare da kyanwa ba, kada a taɓa, a sanar da jami'an dabbobi. Kano na cikin jihohin da murar tsuntsaye ta fara bugawa a 2006.

Kada kuma a huce a kan kyanwar. Farauta ɗabi'arta ce ko ta ƙoshi, kuma ba a nan kaɗai ba: wani bincike da aka wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. Abin da ke hannun masu sito shi ne a riƙa share tsabar bakin ƙofa da zarar an gama sauke kaya. Ku kuma masu gadi, ku ajiye kwali ɗaya a ɗakinku, ku karɓi lambar wayar likitan dabbobi mafi kusa tun kafin ranar ta zo.