Bayani a Kan Awon Garin Sukari: Kilo Nawa, Kofi Nawa

Ga bayani a kan garin sukari, wato mai laushin nan da masu gashin kek ke saye don kwaɓi da ado. Rigima tana yawa a kansa, domin da kilo ake saro shi, amma da kofi ko gwangwani ake sayarwa.

Mu masu hatsi mun san in ka kai mudun gero niƙa, garin da zai dawo ya fi mudu, alhali nauyinsa bai ƙaru ba. Iska ce ta shiga tsakani. To, haka sukari yake. Garinsa ya fi tsabarsa cin wuri.

Ga lissafin, da kofin awo wanda ya kusa rubu'in lita, a shafe, ba tsororuwa:

Sukari tsaba, kofi 1 giram 200 ne. Kilo yana ba da kofi 5.

Garin sukari ba tankaɗe, kofi 1 kamar giram 120 ne. Kilo yana ba da kofi 8 da sulusi. Laba ɗaya, wato giram 454, kofi 4 ba rubu'i.

Garin da aka tankaɗe da rariya, kofi 1 kamar giram 100. Kilo yana ba da kofi 10.

Babban cokali a shafe, kamar giram 8.

Kun ga ke nan, kilo guda, amma awo uku. Mai gashi da aka ce ya zuba giram 250, kofi 2 da ɗan ƙari zai auna in bai tankaɗe ba, kofi 2 da rabi in ya tankaɗe. In kuwa ya ɗauki kofin tsaba a madadin kofin gari, zaƙi ya kusa ninkawa, kwaɓi ya ɓaci.

Mai sayarwa ma ya kula. In yaron shago yana danna gari da hannu ko yana bubbuga kofi a kan tebur, garin zai kwanta, kilon da ya kamata ya ba da 8 sai ya tsaya a 7, riba ta tafi. In kuma ka tankaɗe ka auna wa mutum ba ka gaya masa ba, ka tauye masa mudu, haƙƙinsa yana wuyanka. A zuba da cokali a hankali, a shafe da bayan wuƙa.

Da damina garin yana shan danshi ya dunƙule. Shi ya sa masu yinsa ke sa ɗan sitacin masara a ciki, kamar kashi 3 cikin 100. Wannan ba algus ba ne. Amma a rufe shi cikin leda, kada a ajiye a ƙasa.

Shawararmu, tun da mudun wannan gari ba na wancan ba ne, gwangwani ma iri-iri ne, kowa ya ɗora nasa ma'auni a sikeli babu komai a ciki, sannan ya cika ya sake ɗorawa, ya cire nauyin gwangwanin. Abin da ya rage ya rubuta ya liƙa a bango. Kafin a yanke ciniki kuma a faɗa a fili: da kilo ne ko da kofi, tankaɗaɗɗe ne ko a'a.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.