Kwafin da ke ɗaki ɗaya da kwamfuta ba ajiya ba ne: darasi daga Khartum da Omdurman

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, mutanen Khartum da yawa sun kulle gida da tunanin kwana biyu za su yi su dawo. Bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris ɗin 2025, da dama cikin waɗanda suka koma sun tarar an yashe gidajen. Kwamfuta ta tafi, rumbun ajiyar da ke gefenta ma ya bi ta.

Asarar ba ta tsaya kan gidaje ba. A Mayun 2023 wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman. Amma takardu da hotunan da shirin Sudan Memory ya kwafa kafin yaƙi, da haɗin gwiwar King's College ta Landan da cibiyoyin Sudan, suna nan a intanet, don kwafinsu ba a Khartum kaɗai yake ba.

Ga Bahaushen Mayo ko Umbadda, wanda sau da yawa sai an nemi ya kawo hujjar zamansa ɗan ƙasa, maganar ta wuce hotunan biki. Takardar haihuwa, lambar ɗan ƙasa, takardar fili, shaidar makaranta: su ne na farko da ya kamata a ɗauki hotonsu a adana.

To a ina? Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, DVD gigabait 4.7, wanda ya ishi takardun gida kaf. Faifai bai damu da ɗaukewar wuta ba, kuma idan na rubutu sau ɗaya ne, ba a iya goge shi. Sai dai zafin Khartum da ke haura digiri 40 da ƙurar habub suna lalata shi, don haka a sa shi cikin gidansa, a inuwa. Rumbun ajiya na waje mai terabait 1 kuwa ya fi DVD 200 ɗauka, amma faɗuwa ɗaya na iya kashe shi. Da an gama kwafa, a zare shi daga kwamfuta.

Masana harkar suna da ƙa'ida: kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Intanet kaɗai ba abin dogaro ba ne. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a mafi yawan ƙasar.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka sa wa takardun kalmar sirri, ka aika faifai ɗaya wurin dangi a Kassala, Gadarif ko Kano. Duk shekara kuma a buɗe shi a gani ko yana karantuwa.